Zagayen Saje

A unguwar nan kowa Saje yake ce masa. Har matarsa, Allah ya jiƙanta, in ranta ya ɓaci da Saje take kiransa. Aikin gandiroba ya yi tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari fat, kuma ranar da ya yi ritaya bai fito daga gidan yarin da komai ba sai baƙaƙen takalma masu nauyi, da ciwon gwiwa, da wata irin tafiya ta hannu a baya wadda ko a tsakiyar kasuwa aka hango ta an san mai ita. Masu tsokana sukan ce a duk waɗanda aka taɓa ɗaurewa a garin babu wanda ya kai shi daɗewa a ciki, bambancin kawai shi da makulli a aljihu. A bayan idonsa suke faɗa, don Saje ba fuskar wasa gare shi ba.

Ɗaki biyu yake haya a ƙarshen layi. Ɗaya yake kwana a ciki, da gadon ƙarfe da rediyo da kujera guda. Ɗayan ya bar shi yadda marigayiyar ta bar shi, kwanukanta a jere, keken ɗinkinta a lulluɓe da zane. 'Yarsa ɗaya tal, tana aure a wani gari mai nisa. Takan kira shi a waya ta tambayi gwiwa, ya ce da sauƙi, ta tambayi abinci, ya ce ya ci, daga nan sai ɗaya ya ce to sai an jima.

Maƙwabta ba su ƙi shi ba, ba su kuma so shi ba. Gaisuwa suke masa irin wadda ake yi wa mai allura, a taƙaice, ana ja da baya. In ya iso teburin mai shayi ana tsaka da hira, sai hirar ta koma maganar zafin gari. Uwaye kuwa da shi suke tsorata yara: "Ci gaba da kukan, ga Saje nan zuwa." Mutane ke nan. Suna son a tsare musu ɓarawo su yi barci, amma ba sa son haɗa benci da wanda ya tsare shi. Abin yana yi wa Saje ciwo, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba, don babu ma wanda ya taɓa tambaya.

Abin da ya fi damunsa a shekarun aikinsa shi ne ƙaramar ƙofar nan ta fita. Shi ke buɗe ta. Duk wanda ya gama wa'adinsa, Saje zai miƙa masa ledar kayansa ya ce, "Allah ya kiyaye, kada in sake ganinka." Kafin shekara ta zagayo sai ya sake ganin da yawansu a bayan mota, kai a sunkuye. In ya tambaya, amsar ba ta sauyawa. Ba wanda ya ba su aiki, ba wanda ya ba su hayar ɗaki, in sun shiga gidan ɗan'uwa sai a ɗauke waya daga kan kujera a sa a aljihu. Wani ma ya taɓa ce masa, "Saje, a nan ko ba komai ana kiran sunana da safe." Maganar nan ta zauna masa a ƙirji, da ita ya yi ritaya.

Da ya wayi gari ba aiki, sai ya ƙirƙiro wa kansa. Ya goge takalmansa ya shiga bin ƙofofin masu sana'a ɗaya bayan ɗaya, yana neman a ɗauki mutum guda-guda daga cikin masu fitowa. Roƙo bai iya ba, yana yinsa ne kamar yana karanta umarni. Bakaniken da ke bakin titi ya saurare shi daga ƙarƙashin mota, sannan ya zuro kai ya ce, "Haba Saje! Gareji cike da batiran mutane, ka ce in kawo ɓarawo?"

"Su waɗannan yaran naka," in ji Saje, "ka tabbata ba su taɓa ɗaukar komai ba, ko dai ba a taɓa kama su ba ne?"

Bakanike ya yi dariya har ya buga kai da ƙarfe, ya ce a kawo ɗaya a gwada. Tela ma ya yarda, bayan ya sa Saje ya yi ta sawu. Wata tsohuwa mai gidan haya ta ba da ɗakin da ke kusa da ƙofa, da sharaɗin ba taba, ba kiɗa. Liman ya ce shi zai riƙa shiga tsakani da dangi. Malamar asibiti ta ce duk wanda ya fito da tari ko ƙaiƙayi a turo mata. Hajiya mai gidan burodi ta ce ta ji, za ta duba. Lokaci-lokaci sukan haɗu a wani aji na makarantar firamare bayan an tashi yara, manyan mutane a kan 'yan kujeru, gwiwoyi har haɓa, ƙurar alli a riguna. A nan suka kafa doka ɗaya wadda Saje ya fi kowa nacewa a kanta: mai wuri kaɗai zai san daga inda mutum ya fito. Ban da abokin aiki, ban da maƙwabci, ban da mai ciniki. Rufin asiri shi ne rabin aikin.

Sai kuma zagaye. Wannan babu wanda ya sa shi, ba a ma taɓa kawo maganarsa a aji ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin ɗakuna kowace safiya yana leƙawa ya ga kowa na nan, ba sai an ce masa ya je ya duba mutanensa ba, ƙafarsa ce take kai shi. Da hantsi zai goge takalmi ya fito. Zai tsaya a bakin gareji, hannu a baya, ya nemi nasa da ido, ya gan shi, ya gyaɗa kai, ya wuce. Haka a shagon tela, haka a ƙofar gidan haya. Ba ya cewa uffan, a ganinsa ai shi ke nan ya rufa asiri. Kuma in za a faɗi gaskiya, zagayen nan shi ne daɗin ranarsa. A nan ne kaɗai a duk faɗin garin wani yake ɗago kai ya dube shi, ya san shi, ya damu da zuwansa. In ya dawo ɗaki har abinci ya fi shiga.

Na gareji bai daɗe ba. Wata rana batir ya ɓace, yaran garejin gaba ɗayansu suka juya suka dubi mutum ɗaya. Daga baya an gano batirin a but ɗin motar wani da aka sa masa bisa kuskure, amma kafin nan mutumin Saje ya tattara nasa ya nasa ya bar garin. Na wajen tela kuma mata ne suka fara zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba, ba su faɗin dalili, har tela ya ba shi haƙuri. Saje ya fusata. Ya je ya wanke bakanike tas, ya ce bakinsa ba shi da linzami. Ya je ya ce wa tela zaman shago ya mai da shi magulmaci. Dukansu suka rantse ba su faɗa wa kowa ba, shi kuwa ya ce ƙarya suke yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ana cikin wannan ɓacin ran wani da ake ce wa Bahago ya fito daga gidan yari. Faɗa ne ya kai shi, a kan iyakar fili, ya ɗirka wa maƙwabcinsa hagun nan tasa, mutumin ya rasa ido ɗaya. Ya daɗe a ciki, kuma yawancin zamansa a kicin ya yi shi, a ƙarƙashin idon Saje, yana kwaɓa fulawa har hannunsa ya san ta fiye da fuskar 'yarsa, wadda ya bari tana rarrafe. Matarsa ta koma gidan iyayenta da yarinyar. Ba ta nemi saki ba, ba ta kuma dawo ba. Da Liman ya je wa surukin da maganar, tsohon ya ce shi ba ya gaba da kowa, amma 'yarsa ba za ta koma hannun mai zaman banza ba. In Bahago ya samu aiki ya zauna a cikinsa, to ya zo ya ɗauki iyalinsa. In aka kore shi, maganar ta mutu, kada a sake tayar masa da ita.

Hajiya ce ta ɗauke shi. Mijinta ne ya rasu ya bar mata gidan burodin, ta kuma riƙe shi riƙon da shi kansa marigayin bai yi masa ba. Ta dubi hannun Bahago, ta sa shi ya murza curi ɗaya a gabanta, ta ce ya zo gobe. Amma ta ja Saje gefe ta gaya masa gaskiya. "Ni abinci nake sayarwa. Ranar da masu shaguna suka ce ba sa karɓar burodin tsohon fursuna, ko ma'aikatana suka ce ba sa aiki da shi, ranar zai tafi. Ba zan rufe gida saboda mutum ɗaya ba."

Saje ya ƙara gidan burodi a zagayensa, ya ma mai da shi na ƙarshe don ya samu ya ɗan daɗe. Akwai wata faffaɗar taga da ke kallon titi, ta inda ake hango teburin kwaɓi, da gwangwanaye a jere, da bakin tanderu can ciki. Nan yake tsayawa cikin ƙamshi da hucin wuta, yana kallon Bahago yana yanka curi yana jefawa a sikeli, ba ragi ba ƙari. Allah bai ba Saje ɗa namiji ba, kuma a tagar nan yakan ji irin abin da yake zaton uban ɗa yake ji.

Wata rana da la'asar aka yi sallama a ƙofarsa, abin da ba a saba yi ba. Bahago ne, da sauran fulawa a gira. Saje ya nuna masa kujera, amma ya zame ya tsuguna kusa da ƙofa, yadda ake tsugunawa a can gidan yari.

"Tashi ka zauna mana. Nan ba can ba ne."

"Nan ma ya yi, Baba." Ya shiga murza yatsu. "Alfarma na zo nema, ban san ta inda zan fara ba."

"Wani ya taɓa ka?"

"A'a. Baba, don Allah ka daina zuwa."

Saje ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. "In daina zuwa ina?"

"Wajen aikin. Babban ma'aikacin Hajiya, wanda muke ce wa Helma, ya fara tambaya. Jiya ya ce me ke tsakanina da gandiroba."

"Na taɓa yi maka magana a can? Ko sannu ban taɓa ce maka ba!"

"Ba sai ka yi magana ba, Baba. A garin nan wa bai san ka ba? Duk ƙofar da ka tsaya an san akwai naka a ciki, sauran kawai a gano wanne ne. Kuma ni ma ina tona kaina. Wallahi tun daga kwanar layi nake jin takun takalminka, sai in ga na saki kwaɓin na miƙe, hannu a gefe. Ba ni nake yi ba, jikin ne. Kowa yana aiki, ni kaɗai a tsaye ƙiƙam kamar an dasa ni. Na yi iya ƙoƙarina in hana kaina, na kasa."

"To, na ji," in ji Saje. "Wato yanzu ni ne abin kunyar."

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Kai ne uban da ya rage mini. Yarinyar nan kawai nake so in gani a ɗakina."

"Tashi ka tafi, kada a gan ka a ƙofata ma."

Bahago ya tafi jiki a sanyaye. Saje ya zauna da fushinsa, yana jera wa kansa hujjoji, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau. Ai shi ya roƙo, shi ya yi sawu, shi ya sha wulaƙancin masu shago. Yau an samu wuri, tsoho ya zama kaya. Amma fushin bai kai shi ko'ina ba, don a ƙasansa akwai wata tambaya da ta ƙi kwanciya.

Washegari ya tafi gareji, ba zagaye ba, tambaya. Bakanike ya goge hannu da tsumma ya dube shi da tausayi, abin da Saje ya fi ƙi a duniya. "Tun ranar da ka zo ka zage ni na so in faɗa maka, na ga ba za ka ji ba. Kana tsayawa a can, mutumin naka yana miƙewa a nan kamar soja. Yarana ba su yi karatu ba, Saje, amma ba makafi ba ne." Tela ma abin da ya ce ke nan. Matan layin daga ƙofar gida suke kallo, su suka haɗa ɗaya da ɗaya da kansu.

Ya dawo gida a hankali. Mutum biyu ya kora da ƙafarsa, yana ganin tsaronsu yake yi. Wanda ya bar garin, wa ya san inda yake yanzu? Wataƙila ma ya koma ta babbar ƙofa, wani sabon gandiroba yana karɓar ledarsa. Kunya ta kama Saje, da baƙin ciki, da wani abu na uku da ya fi ba shi haushi saboda na son kai ne: tsoron gobe da hantsi, ya goge takalmi ba inda za shi. Sabo turken wawa, kuma bai taɓa zaton shi ne a ɗaure ba.

A zaman aji na gaba ya miƙe tsaye ya ba bakanike da tela haƙuri a gaban kowa, a taƙaice, yadda yake komai. Sannan ya kawo tsari. Dubawa dole a duba mutum, don wanda ya fito daga can in aka sake shi ba mai tambayarsa, kaɗaici ya ishi ya mai da shi. Amma mai dubawar ya zama wanda zuwansa ba ya sa a ɗaga gira. Malamar asibiti dama tana sayen burodi, ta riƙa saye a gidan Hajiya. Liman yana da tsohon babur da ba ya rabuwa da ciwo, ya riƙa kai shi gareji. Tsohuwa mai gidan haya tana da jikoki, ɗinki ba ya ƙare mata. Shi kuwa aikinsa ya tsaya a bakin gidan yari. Zai karɓi mutum, ya raka shi nesa da unguwa, ya haɗa shi da Liman, daga nan bai san shi ba, shi ma bai san shi ba. Ko a hanya aka haɗu, ba gaisuwa.

"Baba, ai ba sai an kai haka ba," in ji malamar asibiti.

"Sai an kai," in ji Saje. Ya zauna, 'yar kujerar ta yi ƙara.

Abin haushi, tsarin ya yi kyau. Bakanike ya sake ɗaukar wani, ya zauna lafiya, har yaran garejin suna rigimar wa zai ci abinci da shi. Mai walda ya shigo cikin tsarin, mai wankin motoci ma ya shigo. A gari aka fara cewa Liman da malamar asibiti suna da wata ƙungiyar taimakon marasa aiki, Allah ya saka musu. Babu mai ambaton Saje, kuma haka ya kamata. Har zaman ajin ma ya rage zuwa, don ya lura duk wanda aka gani yana shiga makaranta tare da shi sai an bi shi da kallo.

Hantsi ya zama masa dogo. Kwanakin farko yakan goge takalman ya sa, ya zauna a kujera da su, yana sauraren rediyo ba ya jin abin da ake faɗa. Daga baya ya tura su ƙarƙashin gado ya sayi silifa, don kada wani ya ji takunsa daga nesa ya saki abin da ke hannunsa. In za shi kemis sayen maganin gwiwa, sai ya bi ta bayan layi ya zagaye gidan burodin, ƙamshin yana biyo shi ta kan katanga. 'Yarsa ta kira ta ce, "Baba, ka dawo wajenmu mana, me kake yi a can kai kaɗai?" Ya ce, "Ina da mutane a nan." Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallonta.

Sai dai zargin Helma bai mutu ba. Ɗaukewar ƙafar Saje farat ɗaya ma ƙara hura shi ta yi. Helma mutum ne mai son a ce ya sani, kuma yana yawan cewa ruwa ba ya tsami banza. Liman ya tsegunta wa Saje cewa maganar ta fara fita daga gidan burodin, har wani mai shago ya tambayi direban da ke kai masa kaya. Hajiya ta ce tana nan a kan bakanta. Surukin kuma ya fara saukowa, ya ce a ba shi ɗan lokaci ya ga kamun ludayin yaron. Saje ya saurara, ya ce Allah ya rufa asiri, don babu abin da zai iya yi da ya wuce ya ci gaba da rashin zuwa.

Ran nan ya fito zuwa kemis ya tarar an haƙe bayan layi ana gyaran kwata, an tare hanya da duwatsu. Babu mafita sai ta gaban gidan burodi. Ya sunkuyar da kai ya ɗaga ƙafa iya yadda gwiwa ta yarda, amma ya zo a daidai lokacin da ma'aikata duk suna waje suna loda burodi a mota.

"Baba Saje!" Muryar Helma ce. "Barka da hantsi. Kwana biyu ka guje mu."

"Barka kadai."

"Ɗan tsaya, Baba. Tambaya gare ni, a gaban kowa, don kada a ce na yi gulma." Ya nuna Bahago, wanda ke tsaye da tire cike da burodi. "Wannan bawan Allah, ka san shi?"

Lodi ya tsaya. Saje ya juya ya dubi Bahago daga sama har ƙasa, irin duban da ya yi wa dubban mutane a bakin ƙofa. Ya ga kafaɗunsa sun fara miƙewa da kansu, ya ga yatsunsa sun danne tiren har sun yi fari. Saje mutum ne da bai saba ƙarya ba, amma ranar ya yi ta.

"Waɗanda suka bi ta hannuna ba sa ƙirguwa, kuma ba na manta fuska. Wannan ban san shi ba."

"To me ya sa in ya gan ka yake miƙewa?"

"Mutum ya ga dattijo ya miƙe, shi ne laifi? Shi kaɗai ne mai tarbiyya a cikinku."

Wasu suka yi 'yar dariya, amma Helma bai saki ba. "Na ji wannan. To kai me yake kawo ka tagarmu kullum? Burodi dai ba ka saya. Mutum ba ya tsayawa a wuri ɗaya kowace safiya don Allah da Annabi."

Saje ya kau da kai. Ta ƙofar da ke buɗe ya hango Hajiya zaune a teburinta, ta ɗago kai tana saurare, kuma ya san tana jiran abin da zai fito ne ta yanke hukunci. Ya dubi ƙasa, ya dubi silifansa. Abu ɗaya ya rage masa a garin nan, shi ne kwarjini, ya kuwa ɗauko shi ya ajiye a gaban motar burodi.

"Sai ka sa na faɗa a gaban yara?" Ya yi gyaran murya. "Uwar ɗakinku nake nema. Na yi ta sintiri ban samu fuska ba, na haƙura."

Kowa ya juya ya dubi ƙofa. Hajiya ta taso a hankali ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara mayafi, ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi Bahago sau ɗaya, ta dawo da idonta kan Saje, kuma ya ga ta gane.

"Ai na gaya maka, Saje, ni na rufe wannan babin," in ji ta da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Kuma ko da ban rufe ba, a ina aka taɓa neman aure haka? Mutum ya zo ya tsaya a taga, hannu a baya, kamar ya zo kama ni?"

Dariya ta ɓarke. Helma ya zauna a bayan mota yana riƙe ciki. Direba ya ce, "Ashe zuciya ba ta ritaya!" Wani ya kwaikwayi tsayuwar tagar, ya ɗaure fuska ya gyaɗa kai, aka sake kwashewa. Masu wucewa suka tsaya suna tambayar me ya faru, ana ba su labari, kowa da ƙarin gishirinsa. Helma ya taso yana share hawaye ya dafa kafaɗar Bahago. "Ka yafe ni, ɗan'uwa. Wallahi na zarge ka, ashe tsoho ne yake soyayya!"

Bahago kaɗai ne bai yi dariya ba. Yana tsaye da tirensa, idonsa ya ciko, kuma saura kaɗan Helma ya lura. Saje ya watsa masa kallo ɗaya, gajere, irin na umarni, wanda su biyu kaɗai suka san ma'anarsa. Bahago ya haɗiye abin da ya taso masa, ya buɗe baki ya shiga cikin masu dariyar.

Ba a daɗe ba surukin ya mayar masa da iyalinsa. Saje a bakin Liman ya ji, kamar labarin wani gari. Bai ga ranar da suka tare ba, bai san kamannin yarinyar ba, kuma ba shi da wanda zai yi wa ƙorafi, tunda shi ya kafa dokar.

A wancan hantsin dai, a gaban motar burodi, Saje ya juya ya kama hanyarsa, ya san kafin azahar labarin ya gama unguwa, kuma da shi za a riƙa tuna shi har ya koma ga Allah. Dariyar tana biyo shi a baya, yana iya ware muryoyin ɗaya-ɗaya. Duk shekarun da suka yi tare a kicin ɗin can bai taɓa jin dariyar Bahago ba sai yau. Ashe babbar murya gare ta, ta fi ta kowa, kuma can wajen ƙarshe takan karye kamar ta mai tari. Saje bai waiga ba. Ya tsallaka ramin kwatar a hankali saboda gwiwa, ya wuce sayen maganinsa.